Hajiya ba ta ci komai da dare ba, to daga ina sukarin safe yake fitowa?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin lafiya a cikinmu. Mahaifiyarmu tana da ciwon sukari, tana shan magani, abinci ma tana kiyayewa bakin gwargwado. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, in muka gwada ta kafin ta kwanta sai mu samu kamar 130, da safe kuwa tun ba ta sa ko ruwa a baki ba sai mu ga 165, wata rana ma ya haura haka. Yayata ta ce ƙila tana tashi cikin dare ta ci wani abu. Hajiya ta rantse ba ta ci, har ranta ya ɓaci. Ni kuma na'urar nake zargi. Mutum ya kwana bai ci komai ba, ta ina sukari zai ƙaru?

Mai Kemis:
Wa alaikumus salam. Fara da tsinken gwajin tukuna. Duba ko kwanansa ya ƙare, ka kuma lura da inda kuke ajiye gwangwaninsa, don zafi da danshi suna ɓata shi, balle in ana barin murfin a buɗe. Sannan a wanke mata hannu da sabulu ya bushe kafin a huda yatsa. Ko danƙon dabino ya rage a yatsa yana iya ɗaga lambar.

Autan Hajiya:
Tsinken sabo ne. Ni ma na gwada kaina da shi da safe, 88 na samu.

Baba Direba:
To na'ura lafiyarta lau ke nan. Yaro, ku je ku ba Hajiya haƙuri. Nawa ma haka yake yi tun da aka ce ina da ciwon nan, na safe ya fi na dare, kuma ni shaida ne a kaina cewa ba na tashi cin komai. Sista, kina kusa? Zo ki raba gardamar nan.

Sista Mai Aikin Dare:
Ga ni, Baba. Hajiya gaskiya ta faɗa, Auta. Sukarin da kuke gani da safe daga hantarta ya fito.

Jiki ba ya jiran sai an ci abinci kafin ya sami sukari a jini. Ƙwaƙwalwa ba ta hutawa ko ana barci, kuma kusan da sukari kaɗai take aiki, tana cin wajen giram 120 a kwana ɗaya. Shi kuwa sukarin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya, in aka tattara shi duka, bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan. Ka ga da babu mai ƙarowa, da tun barci bai yi nisa ba ya ƙare. Hanta ita ce rumbun jiki. In an ci an ƙoshi sai ta kwashi rarar ta ajiye, ajiyar da ake kira gilaikojin, tana iya riƙe wajen giram 100. In ciki ya zama wayam sai ta riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan tana zubawa a jini har gari ya waye. Kowa haka hantarsa take yi masa, mai ciwo da mai lafiya.

Autan Hajiya:
Na gode Sista. Amma in kowa hantarsa tana zubawa, me ya sa nawa ya tsaya a 88 nata ya tafi 165?

Likitan Zaure:
Salamu alaikum. Bari in ɗora daga inda Sista ta tsaya. Hanta umarni take bi wajen zubawa da tsayawa, kuma masu kawo umarnin su ne sinadaran da ake kira homon, waɗanda wata gaɓa ke sakewa cikin jini su kai saƙo ga wata gaɓar. Manyan biyun wuri ɗaya suke fitowa: fankiriyas, wata doguwar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Mafi yawan aikinta samar da ruwan narkar da abinci ne. Amma a warwatse cikinta akwai 'yan dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin halitta wajen miliyan ɗaya, waɗanda duka-duka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta ba. A cikinsu, ƙwayoyin da ake kira bita su ke yin insulin, na alfa kuma su yi gulukagon.

Insulin na lokacin ƙoshi ne. Da sukari ya fara hawa bayan cin abinci, ƙwayoyin bita za su ji, su sake shi. Jijiyar da ke ɗaukarsa hanta take fara kaiwa, a can ya sa ta daina zubawa ta koma ajiya. Daga nan ya wuce zuwa tsoka da kitse, ya sa su janye sukari daga jini. Gulukagon kuwa na lokacin yunwa ne. In sukari ya fara sauka shi ke sa hanta ta kwance ajiyarta, in ajiyar ta yi ƙasa kuma ta shiga haɗa sabon sukari daga sinadaran furotin da wani ɓangare na kitse. Ko ana barci insulin ba ya yankewa gaba ɗaya, ɗan kaɗan yana fita dare da rana don kada hanta ta wuce gona da iri.

Yanzu ga amsarka. A cikin dare homon ɗin girma yana fitowa daga wani ƙulluto da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, in asuba ta gabato kuma kotisol, wanda ƙullutan saman ƙoda ke yi, ya fara hawa don shirya jiki ya tashi. Dukansu biyu suna rage wa insulin tasiri, hanta ta ƙara zubi. A jikinka ma haka ya faru daren jiya. Sai dai taka fankiriyas ta ƙaro insulin nan take, shi ya sa ka tashi da 88. A jikin Hajiya insulin ɗin bai isa ba, wanda ya fito ma hanta ba ta cika jin maganarsa ba, ga shi a irin ciwonta gulukagon yakan yi yawa ko ba a buƙatarsa. Sai zubin ya fi janyewa. Abu ne sananne ƙwarai a wurin masu ciwon sukari.

Roƙona ɗaya: kada ku ƙara mata magani da kanku. Ku gwada ta wajen ƙarfe 3 na dare na 'yan kwanaki, ku rubuta na dare da na tsakar dare da na safe, ku kai wa likitanta. Yana buƙatar ya san ko sukarin yana faɗuwa cikin dare kafin ya taɓa maganin yamma. Magani irin metfomin babban aikinsa a kan hanta yake, rage mata wannan zubi, shi ya sa lokacin shansa yake da muhimmanci.

Autan Hajiya:
Allah Ya saka da alheri, Dokta. Zan karanta wa Yaya wannan a gaban Hajiya.

Ɗan Maraɗi:
Ku tsaya, ni lambobinku ne suka rikita ni. Ku kuna cewa 130 da 165, mu kuwa takardar asibitinmu a nan 1,3 ko 1,6 ake rubutawa. Wani abokina a Katsina kuma ya ce nasa 7 ne. Wane ne daidai?

Sista Mai Aikin Dare:
Duk abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Ku a Nijar giram a lita kuke aunawa, mu kuwa miligiram a kashi ɗaya cikin goma na lita, to 1,3 naku shi ne 130 namu. Na abokinka kuma wani ma'auni ne da ake kira milimol, in ka ninka shi da 18 za ka samu namu, wato 7 ɗinsa 126 ke nan. Ka riƙe wannan: gwajin safe kafin karin kumallo, mai lafiya yakan kasance tsakanin 70 da 99. Daga 100 zuwa 125 an fara leƙa ƙofa. In ya kai 126, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, ciwon sukari ne. A takardarka 1,26 za ka gani.

Jikan Manoma:
Ni fa ina da ja a wannan magana, ku gafarce ni. Kakanninmu tuwon dawa suke ci malmala biyu, su sha fura a rana, su sha kunu da safe, duk abin da yanzu ake cewa sukari ne. Ban taɓa jin an ce kakana yana da ciwon sukari ba, har ya rasu yana noma. Yanzu kowa ka taɓa sai ya ce an hana shi tuwo. Anya ba na'urorin nan ne suka kawo mana ciwon ba? Da ba a gwadawa lafiya lau ake zaune.

Baba Direba:
Kai yaro, kakanka a ƙasa yake zuwa gona. Ni kuwa a zaune nake wuni, sitiyari a gaba, lemon kwalba a gefe.

Likitan Zaure:
Jikan Manoma, tambayarka tana kan hanya, kuma Baba ya taɓo amsar. Tsoka ita ce babbar mai kwasar sukari bayan cin abinci. Hanya biyu ke sa ta kwasa: umarnin insulin, da kuma motsin ita kanta tsokar. Tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini ko insulin bai yi yawa ba, kuma bayan an gama aikin takan ɗauki sa'o'i tana jin insulin fiye da da. Mutumin da ya wuni da fartanya, malmala biyun nan tana da wurin zuwa. Ajiyar tsoka ma ta fi ta hanta yawa, tana kai wajen giram 400, sai dai ita tsoka ba ta mayar wa jini abin da ta ajiye, kanta take yi wa amfani da shi.

In kuwa aka zauna, kitse ya taru a ciki da cikin hanta, sai gaɓoɓin su fara taurin kai ga insulin. Fankiriyas ta ƙara yawan wanda take fitarwa don ta cike giɓin. Tana iya yin shekaru a haka, gwaji yana nuna lafiya lau, har ƙwayoyin bita su gaji. Ranar da na'ura ta nuna 126, abin ya daɗe yana tafiya a ɓoye.

Batun cewa da babu ciwon, a nan ban yarda da kai ba. Likitocin Indiya na zamanin da sun bayyana masu fitsarin da tururuwa ke taruwa a kai, tun babu na'ura ko ɗaya. Dalilin wannan fitsari shi ne ƙoda tana mayar da sukari cikin jini muddin bai wuce wajen 180 ba. In ya haura sai ya zube cikin fitsari, ya ja ruwa tare da shi. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa da rama suke zuwa. A ƙauyukanmu ma an yi masu irin wannan rama, sunan ciwon ne ba a kira ba.

Jikan Manoma:
Batun motsa jiki na karɓa. Amma har yanzu ina ganin ana tsorata mutane da abincinmu na gargajiya, a tura su sayen alkama da acca masu tsada.

Sista Mai Aikin Dare:
A nan kam ina bayanka. Raina yana ɓaci in na ga tsohuwa ta bar dawar gidanta ta je ta ci bashin garin alkama, ta tuƙa tuwo ƙato ta cinye, wai ai ba shi da sukari. Alkama da acca da dawa da masara da shinkafa duk sitaci ne, hanji yana mayar da su sukari. Bambancinsu a saurin shiga jini yake, kuma yawan abin da aka ci ya fi sunan hatsin tasiri. Tuwon dawar da ba a surfe ta fes ba, ɗan madaidaici, da miyar ganye mai yawa, ya fi tulin tuwon alkama. Wake da ganye da ƙwai da kifi suna rage saurin hawan, fankiriyas ta sami sararin biyo baya. Abin da ke shiga jini da gudu shi ne na ruwa: lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da sukari fiye da giram 30, ka tuna duk na jinin mutum 4 zuwa 5 ne. Haka zoɓo da kunun aya in an zuba musu sukari.

Malamin Islamiyya:
Dokta, zuma fa? Mutane da yawa suna tambayata, tun da Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli, ko mai ciwon sukari zai iya mayar da ita madadin sukari.

Likitan Zaure:
Allah Ya gafarta Malam, falalar zuma ba abin musu ba ce, har a asibiti ana amfani da ita a kan wasu raunuka. Amma mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, kuma tana ɗaga na jini. Mai ciwon ya lissafa ta cikin zaƙin da yake ci, kada ya sha ta cokali-cokali da sunan magani.

Malamin Islamiyya:
Madalla. To ga wadda ta fi damuna, azumi. Ta yaya mai lafiya yake kai sa'a 13 ko 14 bai ci ba kuma bai faɗi ba, wani mai ciwon sukari kuwa kafin la'asar ya fara karkarwa? Ai da na ɗauka shi da sukari ya yi wa yawa shi ya fi kowa iya jure yunwa.

Likitan Zaure:
Mai lafiya, bayan sahur da 'yan sa'o'i insulin ɗinsa zai sauka, gulukagon ya hau, hanta ta riƙa ciyar da jini daga ajiyarta. In rana ta yi nisa tsoka ta koma ƙona kitse, ta bar wa ƙwaƙwalwa sukarin. Ajiyar hanta takan kai kusan kwana guda kafin ta ƙare, ka ga azuminmu bai kai ƙarshenta ba.

Matsalar mai ciwo yawanci daga magani take. Ƙwaya irin gilibenkilamid tilasta wa fankiriyas take yi ta fitar da insulin, ko an ci ko ba a ci ba. Allurar insulin ma in ta shiga ta shiga, ba a janye ta. To ga insulin a jini yana hana hanta zubawa, ga babu abinci, dole sukari ya faɗi. In ya sauka ƙasa da 70 jiki sai ya saki adirenalin daga saman ƙoda don ya tilasta wa hanta. Gumi da karkarwa da bugun zuciya da mutum ke ji, aikin adirenalin ɗin ne, gargaɗi ne. In aka ƙi ji ya ci gaba da sauka, ƙwaƙwalwa ce za ta rasa abinci: ruɗewa, magana ba kan gado, suma, wani lokaci farfaɗiya. Metfomin shi kaɗai da wuya ya jawo haka, don ba ya matsa wa fankiriyas.

Baba Direba:
Wannan ya taɓa samuna a wani azumi, ina kan hanya da fasinja bayan la'asar. Gumi ya karyo mini, hannuna yana rawa a kan sitiyari. Na gangara gefe na tsaya. Amma Dokta, gaskiya ban sha ruwa ba, na daure har magariba, saura kaɗan ne. Mutum ya wahala tun asuba, ya karya ana gab da kiran salla?

Likitan Zaure:
Baba, don Allah kada ka sake. Ka ji tsoron Allah a kan ranka da na mutanen da ke bayanka a mota. Ƙa'idar da likitocin ciwon sukari tare da malaman addini suka tsayar ita ce: in gwaji ya nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, ko alamun nan suka bayyana, a karya nan take, ko minti goma ya rage. Sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan a bi da abinci. Wani abin tsoro kuma, wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa, a hankali jikinsa yakan daina yin wannan gargaɗi na gumi da karkarwa. Sai dai kawai a ga ya faɗi. Direba ba shi da wannan sararin.

Malamin Islamiyya:
Alhaji, maganar Dokta ita ce maganar shari'a. Ayar azumi a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, wanda ciwonsa ba mai warkewa ba ne kuma azumi yana cutar da shi ya ciyar. Karɓar rangwamen Allah ibada ce. Huda yatsa don gwaji kuma ba ya karya azumi, ka riƙa tafiya da na'urarka.

Baba Direba:
Na ji, Malam. Bana tun a Sha'aban zan je a duba mini maganin.

Sista Mai Aikin Dare:
In ƙara abu ɗaya saboda 'yan uwan masu ciwo. Wanda ya suma ba a ɗura masa lemo ko ruwan sukari a baki, zai iya shaƙewa ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, mu ba shi ta jijiya. Sannan ba masu ciwon sukari kaɗai sukari ke faɗo wa ba. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da mai ciki, suna cikin haɗarin haka, balle in an sa musu kwinin, domin kwinin yana sa fankiriyas ta saki insulin. Shi ya sa in an kawo yaro a sume muke fara huda yatsarsa.

Maman Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni lokacin da nake da cikin tagwayena aka ce ina da sukari, har allura na yi. Bayan na haihu aka gwada aka ce ya tafi. Surukata ta ce dama can kuskuren asibiti ne, ai ciwon sukari ba ya tafiya. Yaya abin yake?

Likitan Zaure:
Babu kuskure, Maman Biyu. Mabiyiya ita ma tana yin homon, kuma daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe suna rage wa insulin ɗin uwa tasiri, don sukari ya ɗan daɗe a jininta ya isa ga jariri. Yawancin mata fankiriyas ɗinsu tana ƙara ƙoƙari ta cike. Wadda tata ta kasa, sukari ya hau. Shi ya sa ake gwajin tsakanin mako na 24 da na 28. Da mabiyiya ta fita homon ɗinta suka tafi, sai lamba ta dawo daidai. Ana damuwa da shi ne don sukarin uwa yana tsallakawa ga jariri, insulin ɗinta kuwa ba ya tsallakawa. Sai jaririn ya yi ta yin nasa insulin, ya yi girman da zai wahalar da haihuwa, bayan an yanke cibiya kuma nasa sukarin ya iya faɗuwa. Ke kuma cikin ya nuna miki iyakar ƙarfin fankiriyas ɗinki, haɗarin ciwon ya dawo nan gaba ya fi na sauran mata. Ki riƙa gwaji lokaci-lokaci, da kuma kafin wani cikin.

Mai Kemis:
Tun da an zo kan kotisol, Dokta, ka yi magana kan ƙwayar ƙiba. Kullum sai 'yan mata sun zo nemanta, musamman masu shirin aure. In ka hana su, shago na gaba za su.

Likitan Zaure:
Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Dekzametason da firedinisolon 'yan uwan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta, kuma sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Magunguna ne masu ceton rai in an ba da su a muhallinsu. Amma mai shan su don ƙiba, abin da jiki ke yi na ɗan lokaci da asuba shi ta mayar dare da rana: hanta tana ta zubi, tsoka ba ta jin insulin. Kumburin fuska da tumbin da ake murna da su alamar cuta ce, hannu da ƙafa kuwa ramewa suke yi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma fata tana tsotsarsa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin ƙullutan saman ƙodarta sun yi kwance sun daina yin nasu kotisol, yankewa kwatsam tana iya kashe ta. Ta zo asibiti a janye mata a hankali. Mai Kemis, ko shago na gaba zai sayar, kai dai kada ya fita ta hannunka.

Mai Kemis:
Ba na sayarwa sai da takarda. Amma a gaskiya sai hukuma ta shigo, mutum ɗaya ba zai iya ba.

Abban Yarinya:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. 'Yata shekararta 11, bara aka gano tana da ciwon, allura safe da yamma. Ba ta da ƙiba, ba ta cin zaƙi fiye da sauran yara. Kuɗin insulin ya fi ƙarfina wasu watannin. Wani ya kawo mini garin magani na itatuwa, ya ce in ta sha wata uku za ta bar allura. Zuciyata tana raya mini in gwada.

Likitan Zaure:
Abban Yarinya, Allah Ya ba ta lafiya, Ya buɗa maka. Ka saurare ni da kyau. Ciwon 'yarka daban yake da na Baba da na Hajiya. Su suna da insulin, bai isa ba ne kuma jiki ba ya jinsa sosai. Ita kuwa garkuwar jikinta ce ta afka wa ƙwayoyin bita ta lalata su. Ba laifinka ba ne, ba abin da ta ci ba ne. Babu ganye ko saiwa ko gari da zai yi aikin insulin a jikin da ba ya yin sa. In aka tsayar da allura, hanta za ta yi ta zuba sukari ba mai tsawata mata, kitse ya yi ta narkewa yana zama wani sinadari mai tsami da ake kira kiton, jini ya yi tsami. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, suma. Cikin kwana ɗaya ko biyu ana iya kaiwa nan.

Kafin 1922 duk yaron da ya kamu da irin wannan ba ya daɗewa, duk da magungunan gargajiyar da kowace al'umma take da su. A 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas a birnin Sitirasbog na Turai suka ga ya kamu da ciwon, aka gane inda matsalar take. A 1921 wasu masu bincike, Banting da Best, suka tatso insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa ya farfaɗo, ya ƙara shekaru 13 a duniya. Masu binciken sun sayar wa jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu don ya isa ga kowa. Shekara ɗari bayan haka uba yana tunanin barin allura saboda kuɗi, wannan abin kunya ne gare mu duka. Ka faɗa wa likitanta halin da kake ciki ƙarara. Akwai nau'in insulin mai sauƙin kuɗi, kuma wasu asibitocin koyarwa suna da shirin tallafa wa yara masu wannan ciwo, ka tambaya a sashen yara. Ko ranar da ba ta da lafiya ba ta cin abinci, ba a tsayar da allura gaba ɗaya, a kira likita ya faɗi yadda za a daidaita.

Shugaban Zaure:
Abban Yarinya, ka yi mini magana ta gefe. 'Yan zaure, wanda Allah Ya hore wa ya tuntuɓe ni, mu ga abin da za mu haɗa na wata mai zuwa.

Abban Yarinya:
Na gode, Allah Ya bar zumunci. Garin zan mayar wa mai shi. Tambaya ta ƙarshe: unguwarmu wuta sai a yi kwanaki ba a kawo ba, ga zafin bazara. Yaya zan yi da kwalbar?

Sista Mai Aikin Dare:
Wadda ba a fasa ba firji take so, tsakanin digiri 2 da 8, in akwai maƙwabci mai sola ka roƙe shi ajiya. Wadda aka fara amfani da ita tana iya kai wajen mako huɗu a waje, muddin wurin bai wuce digiri 30 ba, to ɗakunanmu a watan Afrilu sun wuce haka. Ka sami ƙaramar tukunyar ƙasa ka sa cikin babba, ka cika tsakaninsu da yashi mai laima, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Kwalbar ka ɗaure ta a leda kada ruwa ya taɓa ta, ka riƙa jiƙa yashin. Ka rubuta ranar da aka fasa ta a jikinta. Kada a bar ta a mota ko kusa da murhu, kada kuma a sa ta a wurin ƙanƙara, domin insulin ɗin da ya daskare ya lalace ko ya narke. In nau'in da ya saba zama garai ya yi gajimare, ko ka ga lambobinta suna ta hawa ba dalili, ka canza kwalba ka kai ta asibiti a duba ta.